Yaron da ya taho New York daga SS2, zai gama a shekara ɗaya?

Hajiya, kin tambaya ko ɗanki da ya gama SS2 a gida zai iya karɓar takardar shaidar kammala sakandare a makarantar gwamnati ta birnin New York cikin shekara ɗaya. Zai iya, amma sai an lissafa masa karatunsa na baya. Su ba shekaru suke ƙirgawa ba, kiredit suke ƙirgawa, wato makin da ake ba ɗalibi kan kowane darasin da ya kammala ya ci, guda 44: takwas na Turanci, takwas na tarihi da zamantakewa, shida na lissafi, shida na kimiyya, sauran kuma a raba tsakanin motsa jiki, kiwon lafiya, zane ko kiɗa, wani harshe da darussan zaɓi. Sai jarrabawar jiha, Regents, wadda ake cinye kowace takarda da maki 65.

Inda ake tuntuɓe shi ne takardun gida. Da na kai ƙanena wata makaranta a Bronx, wani yanki na birnin New York, sakamakon zango biyu kawai muka riƙo, ɗaya ma hatimin ya goge. Mai ba ɗalibai shawara ta juya su, ta ce abin da ba ta gani a rubuce ba, ba za ta lissafa ba. Wata uku muna bin waya kafin cikakken sakamakon ya iso, yaro na zaune a ajin ƙasa yana ƙunƙuni. Ki sa a karɓo na SS1 da SS2 tun yanzu, kowane darasi da makinsa, da hatimi da sa hannun shugaban makaranta. Tarihin Amurka kuwa, wannan dole ya zauna ya karanta shi a nan.