Amsa: Mene ne ma'anar kalmar "subversion", kuma daga ina ta samo asali?

Ɗan'uwa, ka ce ka ci karo da "subversion" a labaran Hong Kong, kana tambaya ko juyin mulki take nufi. A'a. Mafi kusa da ita a Hausa shi ne zagon ƙasa.

Asalinta Latin ne, "subvertere": "sub" na nufin daga ƙasa, "vertere" kuma juyawa. Wato a kifar da abu ta gindinsa. Ta shiga Turanci ta hanyar tsohon Faransanci a ƙarni na 14. Dubi yadda gara ke cinye katakon rufi daga ciki, waje lafiya lau, sai rana ɗaya rufi ya rufta. Haka aikin yake: a raunana gwamnati ko hukuma a ɓoye, ta farfaganda, sayen jami'ai ko dasa 'yan leƙen asiri.

Inda masu fassara ke yawan tuntuɓe shi ne haɗa ta da 'yan uwanta. "Treason" cin amanar ƙasa ne, "sedition" tunzura jama'a da baki ko alƙalami, "coup" kuma juyin mulki. Masu kwamfuta kuwa suna da manhajar Subversion, wadda aka fara a 2000 don adana sauye-sauyen rubutun manhaja. Ba ruwanta da siyasa.

A kotu kalmar tana da nauyi ƙwarai. Dokar tsaron Hong Kong ta 2020 ta tanadi hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai a kanta. Idan takardar tuhuma kake fassarawa, tuntuɓi lauya tukuna, domin kowace ƙasa da yadda dokarta ta fayyace ta.