Amsar Kawu kan ƙungiyar da yaron nan yake son shiga

Uwata, na ga saƙonki tun daren jiya, ban amsa ba ne don ba maganar da ake yi a tsaitsaye ba ce. Kin ce mutumina, ɗanki, ya kira daga Amurka wai zai shiga firataniti, wato ƙungiyar 'yan'uwantaka ta ɗalibai maza, a jami'arsu, babansa ya hau sama ya ce in ya shiga sai dai ya nemi wani uban, ke kuma kina tambaya ko ita ce ƙungiyar asirin da muke ji, kuma ko a al'adarmu iyaye na da ikon hana ɗa irin wannan.

To ni ban ga laifin maigidanki ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin da muka sani a nan ai daga sunan nan ya faro. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a jami'ar Ibadan, lokacin ba bindiga ba gatari, samari ne masu jin haushin ƙabilanci da kwaikwayon Turawa. Daga baya aka yi ta rarrabuwa, su Buccaneers suka ɓalle, Black Axe ta fito daga jami'ar Benin a 1977, har aka kai ranar 10 ga Yuli 1999 da aka shiga ɗakunan kwanan ɗalibai a Ile-Ife da tsakar dare aka kashe biyar. Ni da idona na ga yaron maƙwabcinmu da ya dawo hutu daga wata jami'a a kudu, ana tsananin zafin bazara amma ya ƙi cire riga, ashe bayansa duk shatar bulala ce, uwarsa ta yi tambayar duniya ya ce ƙwallo ce, bai sake komawa makarantar ba har yau.

Amma ta Amurka daban take, gaskiya sai a faɗe ta. Su a fili suke, jami'a ta san da su, suna da gida da allo a ƙofa da haruffan Girka, tun 1776 aka fara irinsu. Akwai ta baƙaƙen fata Alpha Phi Alpha da aka kafa a jami'ar Cornell a 1906, shi kansa Martin Luther King ɗan cikinta ne. Yara na shiga don samun abokai da wanda zai miƙa musu hannu wajen neman aiki, kuma kin san yaron nan shi kaɗai ne a can, ga sanyi ga ba wanda zai ce masa sannu da Hausa, kar ki raina kaɗaici wallahi.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen shiga. Da yawansu sai sun wahalar da sabon shiga na makonni, a hana shi barci, a wulaƙanta shi, uwa uba a ɗura masa giya, alhali dokarsu ma ta hana wanda bai kai shekara 21 ba sha. A 2017 a jami'ar Penn State wani yaro ɗan shekara 19 aka sa shi ya sha har ya faɗo daga matakalar bene, 'yan'uwan nasa na ƙungiya suka bar shi kwance kusan awa 12 kafin su kira asibiti, ya mutu. Abin ya yi yawa har a Disamban 2024 Biden, shugaban Amurka na lokacin, ya sa hannu a dokar da ta tilasta jami'o'i su riƙa bayyana irin wannan cin zali in an kama wata ƙungiya da shi. Don haka a sa shi mutumin ya duba shafin makarantarsu ya turo muku, sunan tasu na ciki ko babu.

Batun al'ada kuma, ai mu ma mun yi ƙungiya. Muna da sarkin samari, mu yi gayya a gonar surukin ɗayanmu, wanda ya ƙi fitowa a ci shi tarar goro, da dare a hallara a dandali. Amma duk garin an san sarkin samarin, an san ubansa, in ya wuce gona da iri mai unguwa ya kira shi. Ba wanda ya taɓa rantsar da ni cewa kar in gaya wa mahaifiyata abin da muka yi, ita ce ma ke dama mana furar gayyar. To wannan shi ne ma'aunina, ba sunan ƙungiya ba. Eh iyaye na da ikon hanawa, sai dai a gidanmu ba a yanke wa ɗa hukunci cikin fushi, kuma ba uba ke fara shiga irin wannan ba, ana tura kawu ne ko kaka, saboda yaro na iya gaya wa kakansa abin da kunya ba za ta bari ya gaya wa ubansa ba. Balle ta waya, kuna nan yana can, in kun ce a'a da tsawa ai shiga zai yi ku daina ji, shi ke nan an yi ba a yi ba. Yaron da ya tambaya kafin ya shiga ki gode wa Allah.

Ra'ayina in gidan da ake kwana ake shagali da giya ne, ya haƙura, ko ba ya sha zama cikinsu ba nasa ba ne, ga kuɗin da ake biya duk zango wanda ba mu san daga aljihun wa zai fito ba. In abokai yake nema akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi a yawancin manyan jami'o'in can, akwai ta 'yan Afirka, har firataniti ta Musulmi ma an kafa a Dallas a 2013, Alif Lam Mim.

Ki ce wa babansa ya janye waccan magana, bakin uba ba abin wasa ba ne. Shi kuma mutumin ya kira ni ran Lahadi bayan isha'i agogonmu, zan tambaye shi sunanta, me ake yi daren shiga, da ko akwai rantsuwa. Ki gaida yara, maganin ƙafar da kika aiko ya iso.