Gayyar kwamfutoci ko hayar girgije?

Tambaya: Malam, ina karatun kwamfuta a jami'ar Tawa. An ba mu aikin kwatanta rarraba lissafi ga kwamfutoci da yawa da kuma amfani da girgije. Wanne ya fi?

Amsa: Ƙanena, waɗannan biyun ba kishiyoyi ba ne. Na farko yana magana ne kan yadda ake raba aiki, na biyu kuma kan mai injin da ake aikin da shi.

Ka san gayya a gonar hatsi: kowa ya kama kunyarsa, noman kwana goma ya ƙare kafin la'asar. Haka ake yanka babban lissafi gunduwa-gunduwa, kowace kwamfuta ta ɗauki rabonta a lokaci guda, sannan a haɗa sakamako. A 1994 masu bincike na NASA suka jona ƙananan kwamfutoci 16 suka yi irin wannan gayya, suka sa mata suna Beowulf. Hasashen damina da muke jira daga cibiyar AGRHYMET ta Yamai ma ya dogara da lissafin yanayi da ake yi ta wannan hanya.

Amma akwai aikin da ba ya rabuwa, kuma nan nake so ka tsaya sosai. Tara mutum hamsin a bakin rijiya: ɗaya ko biyu ne ke shiga ramin, sauran jiran guga suke. Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana haka tun 1967. Idan kashi ɗaya cikin goma na aiki dole a yi shi bi da bi, ko kwamfuta dubu ka tara saurin ba zai wuce ninki goma ba.

Girgije kuwa haya ce, kamar hayar tarakta. Injinan suna gidan wani kamfani can nesa, ka shiga ta intanet, ka biya gwargwadon abin da ka ci. Amazon ya fara wannan kasuwa a 2006. Kana iya hayar inji ɗari ka yi gayyarka da su, ka sallame su da yamma.

A aikinka kada ka manta da halinmu. Injinan gida suna son sanyi da wuta mara yankewa, ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Girgije kuma yana son intanet mai ƙarfi da katin banki, kuma injin da ka manta a kunne kuɗi yake ci har kana barci. Fara da tsofaffin kwamfutoci uku na ɗakin gwaji, ka jona su da waya, ka koyi MPI (tsarin da kwamfutoci ke aika wa juna saƙo da shi yayin gayyar), ka auna saurin da kanka.