Sugana Na Faɗuwa Duk Ranar Da Na Fita Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26, ina da ciwon suga nau'i na ɗaya tun ina yaro. Kwanan nan na rage cin sitaci, bai wuce giram 50 a yini ba, kuma sugana ya daidaita. Amma in na fita gudu, kafin rabin awa sai hannuna ya kama rawa, gumi mai sanyi ya karyo mini, in gwada sugana in ga 58 mg/dL. In na sha zaƙi sai in ji na rushe tsarina. Ko in riƙa tsallake allurar insulin ta dare in zan yi gudu washegari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayarka ta ƙarshe ce ta fi tayar mini da hankali. Kada ka tsallake insulin mai dogon aiki, ko da dare ɗaya ne. Jikinka ba ya yin nasa, in ka hana shi na allura sinadarin kiton, wanda jiki ke samarwa in yana ƙona kitse a maimakon suga, zai taru, jini ya yi tsami, maganar ta koma gadon asibiti. Ragewa ake yi, ita ma da sanin likitan da ke duba ka.

Da mai lafiya ya fara gudu, jikinsa kan rage insulin da kansa. Kai kuwa allurar da ka yi ta riga ta shiga, babu mai dawo da ita, ga tsoka tana zuƙar suga ninkin yadda ta saba. Hanta ce ya kamata ta cike giɓin daga ajiyarta, to amma mai cin giram 50 rumbunsa ba cike yake ba. Wani ƙaramin bincike da aka yi a Denmak, aka buga a 2017, ya nuna cewa mako ɗaya kacal na irin wannan abinci yana rage ƙarfin allurar gulukagon, wadda ake yi wa wanda sugansa ya faɗi warwas. Wannan na fi so ka riƙe, domin yana nufin abin da za a cece ka da shi ma ya yi rauni.

Saboda haka gulukos, wato suga mai saurin shiga jini, da za ka tsotsa a bakin hanya magani ne. Giram 15 a tsakiyar gudu tsoka za ta ƙone shi nan take, ba zai taɓa tsarinka ba. Ina jin ciwon yadda matasa ke daurewa da rawar jiki don kada su karya doka, har su faɗi.

Gwada kafin ka ɗaura takalmi. Tsakanin 126 da 180 shi ne wurin farawa mai kyau ga gudu. In ka ga ƙasa da 90, sha giram 10 zuwa 20 na gulukos, ka jira ya hau. In a hanya ya sauka ƙasa da 70, tsaya cak, sha giram 15, ka sake gwadawa bayan minti 15. Abu mai kitse ba ya aiki a nan, jinkirta shigar suga yake yi. In na'urar da ake mannawa a fata kake amfani da ita, ka sani lambarta tana bin jini a baya da 'yan mintoci, ya fi ma lokacin gudu, don haka kibiyar da ke nuna ƙasa ta fi lambar muhimmanci.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a rage allurar insulin ta lokacin cin abinci kafin motsa jiki, amma taka ƙarama ce tun asali, ragin ba zai yi wani tasiri ba. Abin da zai fi yi maka aiki shi ne lokaci: da safe kafin karin kumallo, sa'adda babu insulin mai saurin aiki a jikinka, suga ya fi tsayuwa. In kana ɗaga ƙarfe, fara da shi kafin gudun, yakan rage faɗuwar.

Kiton kuma: mai rage sitaci yakan ga kaɗan a jini ko yana lafiya. Amma in ya kai 1.5 mmol/L, ko suga ya haura 270 tare da kiton, ko kana jin tashin zuciya da ciwon ciki, babu gudu ranar, nemi likita.

Daren da ya biyo bayan gudu ma abin lura ne, tsoka tana ci gaba da jan suga har zuwa awa 24. Gwada kafin ka kwanta, ka ajiye gulukos inda hannunka zai kai cikin duhu. Ka rubuta lambobinka na farkon gudu, ƙarshensa da na asuba tsawon mako biyu, ka kai wa likitanka, da su zai yanke ko a rage allurar dare da kamar kashi 20 cikin 100 a ranakun gudu. Allah Ya ƙara lafiya.