Sharafi, Daraja da Lissafin Masu Taurari

Wani ɗalibi daga Damagaram ya aiko da wannan tambaya: "Malam, kakana yakan ce wane yana sharafinsa. Kwanan baya kuma na ji wani dattijo mai hisabi yana cewa rana tana sharafi a burjin Hamal, a daraja ta 19. Sharafin nan ɗaya ne? Me kuma ya kawo daraja cikin zancen lamba?"

Ɗan'uwa, Allah ya yi maka albarka, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Sharafin ɗaya ne. Asalinsa Larabci ne, sharaf, wato tudu ko ɗaukaka, kuma daga saiwarsa aka sami sharifi. Sai dai ka lura da inda Bahaushe yake ajiye kalmar. Ba ya cewa sharifi yana sharafi saboda nasabarsa, domin nasaba ba ta gushewa. Ɗan dambe ne yake sharafinsa a shekarun da ba mai iya tsayawa gabansa. Kano ta yi sharafin gyaɗa zamanin da ake jera buhuna dala-dala. Mangwaro yana sharafi da bazara. Abu ne mai zuwa ya yi ganiyarsa ya wuce, kuma haka masu hisabin taurari suke nufi da shi.

Su a wajensu taurari masu tafiya bakwai ne: Zuhal, Mushtari, Mirriku, Rana, Zuhura wadda muke kira Zara matar wata, Uɗarid, sai Wata. Hanyar da suke bi a sama an kasa ta burji 12, kowane burji an yanka shi 30, jimla 360. Kowane yanki ɗaya shi ne daraja. A Larabci daraja matakalar bene ce, taki ɗaya na hawa. Mai hisabi ya riƙe ta a matsayin awo, Bahaushe ya riƙe ta a matsayin ƙima, har yake cewa mutum mai daraja. Dattijon naka yana ƙirga matakala ne, kakanka kuwa in ya ce daraja, girma yake nufi.

To, a cewarsu tauraro yana da hakki iri biyar a wurin da ya sauka. Na farko gida: gidan Rana shi ne Asad, burjin zaki, na Wata Saraɗan, burjin ƙaguwa, sauran biyar ɗin kowanne gida biyu gare shi. Na biyu sharafi: Rana a Hamal, burjin rago, daraja ta 19, Wata a Saur, burjin sa, daraja ta 3, Mushtari a Saraɗan, ta 15, Zuhal a Mizan, burjin ma'auni, ta 21. Burjin da yake fuskantar na sharafi daga ɗaya ɓangaren da'irar shi ne na faɗuwa. Mizan yana fuskantar Hamal, shi ya sa inda Zuhal yake ɗaukaka nan Rana take faɗuwa. Na uku musallasa, wato burji uku masu ɗabi'a ɗaya, ta wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa. Na huɗu haddi, kalmar nan da muka sani a "ya wuce haddi", ɗan yanki ne mai iyaka a cikin burji. Na biyar fuska, daraja goma-goma.

A nan ne zancen ya rabu biyu, kuma shi ya sa na zauna na ba ka amsa mai tsawo. Batlimus, masanin taurari na Iskandariya, a ƙarni na 2 Miladiyya, ya lissafa hanyoyi biyar da tauraro yake mallakar wuri, amma bai fifita wata da maki a kan wata ba. A hannun malaman da suka yi rubutu da Larabci aka ga maki ya zauna. Alƙabisi, wanda ya yi aiki a fadar sarki Saifud Daula a Halab ta ƙasar Sham a ƙarni na 10, ya ba gida 5, sharafi 4, musallasa 3, haddi 2, fuska 1. Tauraron da makinsa ya fi yawa a wuri shi ne almubtazz, mai rinjaye. Tsarin ya haura Turai ta hanyar fassara zuwa Latin, har William Lilly, mai hisabin taurari na Ingila, ya buga jadawalinsa a Landan a 1647.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, Alƙabisi bai tsaya a lamba ba. Ya kawo kwatanci: tauraro a gidansa kamar mutum ne a gidansa, a sharafinsa kamar mutum a kan mulkinsa, a musallasarsa kamar mutum cikin mataimakansa, a haddinsa kamar mutum cikin danginsa, a fuskarsa kamar mutum a kan sana'arsa. Karanta wannan a hankali. Ba abu ɗaya ba ne ake ƙara wa yawa, abubuwa biyar ne mabambanta. Wanda yake cikin dangi yana da rufin asiri, wanda yake kan sana'a yana da abin hannu, kuma ba ka cewa dangi sun ninka sana'a sau biyu.

Ga misali daga burjin da dattijon naka ya ambata. Ɗauki daraja ta 15 a Hamal, da rana tsaka. Mai gidan Mirriku ne, makinsa 5. Rana kuwa tana da sharafi 4, musallasar wuta tata ce da yini 3, fuskar tsakiya ma tata ce 1, jimla 8. A lissafi Rana ta kayar da mai gida. Amma ni abin da nake gani shi ne ranar da babban baƙo ya sauka a gidan manomi. An share zaure, an shimfiɗa darduma sabuwa, an yanka zakara, mai gida yana durƙushe a bakin ƙofa yana cewa ranka ya daɗe. Duk wanda ya leƙo zai ce baƙon ne mai wurin. Da dare ya yi, aka so ɗebo gero, mabuɗin rumbu yana aljihun wa? Takwas ta fi biyar, wannan ba gardama, sai dai ba ta mayar da baƙo mai gida. Su kansu malaman ba su haɗu a kan makin ba, wasunsu sun gabatar da haddi a kan musallasa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna lambar yarjejeniya ce ta sauƙaƙa aiki, kwatancin ne ya fi ta tsufa a hankalin mutane.

Karin maganarmu ma ta san wannan gardama. Mai tara maki zai ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Mai duban iri zai amsa masa da cewa, da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara. Ni ina bayan na biyun a wannan fage, domin zaren da ya ja dutse duk zare ne iri ɗaya, hakkokin nan biyar kuwa ba irinsu ɗaya ba.

Dole in faɗi abu guda a fili. Malaman addini sun raba tsakanin sanin tafiyar taurari don gane alƙibla da lokaci da shigowar damina, wanda halal ne, da kuma jingina musu arziki ko gaibu, wanda suka hana. Kalmomi nake warwarewa, ba duba nake koyarwa ba. Su kuwa kalmomin ba baƙi ba ne a ƙasarmu. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan taurari da hatimai, kuma a zaurukan malamai irinsa aka riƙa juya burji da daraja da sharafi.

Saura tauraron da ba shi da ko ɗaya daga cikin biyar ɗin a inda ya sauka. Larabawa suka ce masa garib, baƙo. Lilly ya zaftare masa maki 5, daidai da wanda ya sauka a burjin da ke fuskantar gidansa. Mushtari shi ne babban tauraron sa'a a wajensu, amma in ya faɗa irin wannan wuri, sai ka tuna maganar kakanninmu: giwa a garin wani zomo ce.

Ka kuma kiyaye, sharafi dabam, sarafi dabam. Wanda ya ce bai sami sarafin zuwa ba, dama ce bai samu ba. Na sha ganin an gwamutsa su a rubutu, alhali harafi ɗaya ne ya raba su.