Amsa kan sayen kayan rangwame ba tare da tara shara ba

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambaya yadda mutum zai amfana da shagunan rangwame da teburan gwanjo ba tare da ya cika gidansa da unguwarsa da tarkacen da za su ƙare a bola ba. Na daɗe ina sayayyar gida tsakanin Sabon Gari da Ƙofar Wambai da Singa a nan Kano, kuma abin da na tsaya a kai shi ne kada farashi ya zama abu na farko da za ki duba. Kafin ki tambayi kuɗin kaya, ki tambayi kanki wa zai gyara shi idan ya lalace, kuma wa zai karɓe shi idan ya gama aiki.

Wannan tambayar kaɗai tana raba miki kayan gida biyu. Tukunyar ƙarfe da kwanon silba da wuƙa mai ƙarfe na gaske, idan hannunsu ya cire maƙeri zai mayar, idan kuma sun mutu gaba ɗaya 'yan gwangwan za su saya a narkar da su a sake ƙera wani abu. Takalmin fata yana da mai ɗinki a kusan kowace unguwa. Amma bokitin roba mai laushi wanda ake zubawa a tebur da kuɗi kaɗan, rana tana dukansa wata biyu ko uku sai ya tsage, kuma sau da yawa ƙarshensa kwata. Idan damina ta zo shi da leda ne ke toshe magudanan ruwa, ruwan ya koma cikin gidajen mutane, awaki da shanu kuma su ci ledar ta cushe musu ciki. Da gaskiyar masu cewa araha ba ta ado. Idan dole ne ki sayi roba, ki danna gefenta da yatsa, ki ɗauki mai kauri ko da ta fi tsada kaɗan.

A wajen tufafi kuwa ina goyon bayan gwanjo, domin rigar da aka riga aka saƙa ba ta buƙatar sabuwar auduga da ruwa da rini. Sai dai a nan ma akwai tarko. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, an ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ne ke shigowa duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nasu shara suke zama, saboda an ɗinka su ne tun farko don a sa su sau kaɗan a yar. Irin wannan kayan yana cikin dilolin da ake buɗewa a wajenmu ma. Don haka ki je da safe ranar da ake fasa dila, ki juya rigar ki duba ɗinkin ciki da hammata da wuya, ki ɗaga yadin ki kalli haske ta cikinsa. Auduga mai nauyi tela zai iya rage ta ko ya mayar da ita ta yaro, amma yadin roba mai sheƙi da ya fara tashin gashi ba ya karɓar gyara. Riga uku masu ƙwari sun fi goma da aka haɗa miki a leda ɗaya don a rabu da su.

Kayan wuta a nan ne na fi taka tsantsan. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, saboda haka sayensa riba ne ga aljihu da muhalli, amma ki sa a gwada miki shi a shagon, ki kuma tambaya ko ana canzawa idan ya ƙone da wuri. Caja da soket marasa suna ba na sayensu ko nawa aka rage, domin bayan saurin mutuwa suna iya jawo gobara.

Abinci da sabulu su ne inda rangwame yake da amfani na gaske, matuƙar kin karanta kwanan watan da ke jikin kayan kuma kin ga lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Shaguna sukan karya farashin abin da wa'adinsa ya kusa cika, kuma sayen taliya ko man gyaɗa irin wannan yana hana a zubar da su, idan har gidanki zai cinye kafin ranar. Madarar jarirai da magani ba na saka su cikin wannan lissafin ko kaɗan, haka ma gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa. Ƙananan ƙullin garin sabulu da madara kuma suna kama da araha, amma idan kin lissafa kuɗin a kan awo sai ki ga sun fi tsada, ga tarin ledar da suke bari. Mu a layinmu mukan haɗa kuɗi mu huɗu ko biyar mu sayi buhu ko katan a Singa a kan farashin sari, kowa ta zo da mazubinta a raba. Ki kuma riƙa fita da jakarki ta yadi ko kwando, ki ce wa mai shago ya bar ledarsa tun kafin ya fara ƙulla miki kayan.