Ƙudan da ke cikin hotona shi ne mai kawo makanta?

Tambaya: Malam, ina noman rani a bakin wani kogi a kudancin Kaduna. Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna cizon mu a ƙafa da rana. Na ɗauki ɗaya a hoto da waya na aiko. Shi ne mai kawo makantar kogi?

Amsa: Sannu da aiki. Hotonka daga sama ka ɗauka, kuma fikafikan sun rufe jikin, don haka abin da zan iya cewa shi ne ya yi kama da dangin baƙin ƙuda, Simulium. Wurin da ka ambata da cizon rana sun ƙarfafa zaton, domin tsutsotsinsa a ruwa mai gudu suke girma, manne da duwatsu da ganyayen da ruwa ke kaɗawa.

Ka sake ɗauka daga gefe. Baƙin ƙuda gajere ne mai kauri, tsawonsa bai cika wuce milimita 4 ba, yana da doro a bayan kai, gashin jinsa biyu na goshi gajeru ne marasa gezar gashi, fikafikansa faffaɗa ne garai ba ɗigo. Irin da ke yaɗa cutar a Afirka ta Yamma, Simulium damnosum, yana da farin zobe a ƙafafun baya. Wannan zoben nake so in gani. Idan fikafikan na da ɗigo-ɗigo, wani dangi ne daban. Mai jajayen idanu kuwa da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro ba ya cizo.

Saka shi a kwalba, ka ajiye a firji 'yan mintuna ya lafa, ka aza shi kan farar takarda kusa da kan ashana don a gane girmansa. Rubuta wuri da lokaci.

Ko da hoton ya fito tsaf, iyakarsa ke nan. Damnosum rukuni ne na nau'o'i masu kama da juna, sai a ɗakin bincike ake rarrabe su, kuma hoto ba zai nuna ko ƙudan na ɗauke da tsutsar Onchocerca volvulus mai haddasa cutar ba. Don haka kada ka jira ni. Idan kana ƙaiƙayi mai tsanani, ko ƙulli a ƙarƙashin fata, ka je asibiti. Maganin ivermectin kyauta ake raba shi tun 1987, kuma yana cikin abin da ya sa a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kawar da yaɗuwar cutar.